Yadda Ake Saita Babban Burdon na Algaitar Salka ta Tsakiyar Faransa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ya san cewa abin da ke ɗaure kai a busarsa shi ne sautin ba ya yankewa, domin yana tara iska a kumatu yana tura ta a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci. Mutanen karkarar Faransa sun biya wannan buƙata ta wata hanya dabam. Sun ɗora aikin kumatu a kan salkar fata da ake matsewa a hammata, sannan suka soka mata bututu fiye da ɗaya, ta yadda iska guda za ta ciyar da su duka. Wannan kayan busa shi suke kira kornemuz, a nan kuwa za mu kira shi algaitar salka. Bututun da ake taɓawa da yatsu shi ke fitar da waƙa, sunansa obuwa. Sauran ba su da ramukan yatsa, murya ɗaya tak suke riƙewa daga farkon kiɗa har ƙarshensa, kuma sunansu burdon, kalmar da a Faransanci take nufin wani ƙaton ƙudan zuma mai kugi, take kuma nufin ƙararrawa mafi kaurin murya a majami'a. Mafi tsawo da kaurin murya a cikinsu, wanda ke kwance a kafaɗar mai busa, shi ne babban burdon, kuma a kansa wannan jagora ya tsaya.

Wace algaita ake nufi

Ba kowace algaitar salka ta Faransa ce ke da babban burdon ba, kuma waɗanda ke da shi ba siffa ɗaya suka ba shi ba. Biniyu na yankin Bretagne burdon ɗaya gare shi a kafaɗa, haka ma bodega ta Languedoc wadda ake yi da fatar akuya sukutum. Shabret ta Limousin, mai ado da ƙananan madubai, nata a kan hannu yake kwanciya. Muzet ta fada, wadda ta yi tashe a zamanin Sarki Louis na 14, an tattara burdon ɗinta duka cikin gajeren gungume ɗaya mai ramuka da yawa, ana saita su da 'yan sakatu masu zamewa. Kabret ta Auvergne kuwa, yawancin masu busa ta toshe bututun da ke gefen obuwa suke yi, su bar obuwar ta yi magana ita kaɗai.

Wadda za mu bi daki-daki ita ce ta tsakiyar ƙasar, wato yankunan Berry da Bourbonnais da Nivernais da Morvan. Ana auna girmanta da tsawon obuwa, da tsohon incin Faransa wanda ya kai kimanin santimita 2.7. Mai inci 16, wadda tsawon obuwarta ya kai kusan santimita 43, tana kan muryar Sol (ɗaya daga cikin muryoyin kiɗa bakwai da ake kira Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si), kuma ita ce aka fi koyo da ita. Mai inci 20 tana kan Re, mai inci 23 kuma tana kan Do. Tsofaffin da masassaƙa irin su Jean Sautivet na Berry da Joseph Béchonnet na garin Effiat suka ƙera a ƙarni na 19 su ne abin koyi ga maƙeran da suka farfaɗo da sana'ar daga shekarun 1970, irin su Bernard Blanc da Rémy Dubois. Tun 1976 maƙera da masu busa ke taruwa kowane watan Yuli a ƙauyen Saint-Chartier na Berry, kafin taron ya koma Château d'Ars da ke kusa da shi a 2009, kuma sunan da yake ɗauke da shi yanzu, Le Son Continu, ma'anarsa sauti mara yankewa. Duk misalan da ke tafe na mai inci 16 ne, amma hanyar ɗaya ce ga sauran.

Abin da ke faruwa a cikin bututun

Babban burdon yawanci gaɓa uku ne na itace da ake cusa ɗaya cikin ɗaya, raminsu kuma miƙaƙƙe ne, faɗinsa ba ya buɗewa kamar na obuwa ko na algaita. A gindinsa, can cikin mazaunin da ke ɗaure da salka, akwai ɗan kara mai harshe ɗaya. Iska ta matsa harshen ya rufe, taurinsa ya mayar da shi ya buɗe, haka ya yi ta yi sau da dama a daƙiƙa guda, iskar da ke cikin bututun kuma ita ce ke tsara masa saurin wannan buɗewa da rufewa. Idan Sol ta obuwa tana girgiza sau 392 a daƙiƙa, ƙaramin burdon da ke manne a gefenta yana yin rabin haka, wato 196, babban kuma rabin wannan, wato 98. Wannan tazara ta ninki ita ce masu kiɗa ke kira oktaf, saboda haka babban burdon oktaf biyu yake a ƙarƙashin obuwa.

Miƙaƙƙen bututu mai ɗan kara a gindi yana fitar da muryar da tsawon zangonta, wato nisan da sauti ke yi a cikin girgiza ɗaya, ya ninka tsawon bututun sau huɗu. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa a ɗaki mai matsakaicin ɗumi, don haka zangon murya mai girgiza 98 mita uku da rabi ne, rubu'insa kuwa kusan santimita 87. Bututun gaske ba ya faɗawa daidai kan wannan adadi, domin nauyin harshe da ƙuncin rami suna jan murya ƙasa, amma lissafin ya isa ya nuna abu biyu da duk aikin ya rataya a kansu. Ƙarin tsawo yana saukar da murya, ragi kuma yana hawar da ita. Sannan ɗan kara da bututu tare suke yanke shawara, babu wanda ke da iko shi kaɗai.

A fara da salka, kafin a taɓa ɗan kara

Kuskuren da ya fi yawa ga mai koyo shi ne da zarar burdon ya yi gardama sai ya zaro ɗan kara ya hau kankara. A ganina, mafi yawan laifin da ake ɗora wa ɗan kara na iska ne, ko dai tana yoyo a wani wuri, ko kuma hannun da ke matse salka bai zauna ba. Don haka tsarin aikin shi ne a bi iska daga inda ta shiga zuwa inda ta fita.

A cire obuwa da ƙaramin burdon da babban, a toshe mazaunansu da toshiyar roba ko ta kwalba, sannan a hura salkar har ta yi tam. A matse ta a hammata na kimanin rabin minti, a sake gwada hura mata iska. Idan ta ƙi karɓa, lafiyarta ƙalau. Idan ta karɓa da yawa, akwai yoyo, kuma wurin farko da za a duba shi ne ɗan bawul na fata ko roba da ke gindin bututun hurawa, wanda aikinsa hana iska komawa baki. A kara kunne a bakin bututun, in ana jin huci to bawul ɗin ya bushe ko ya karkace. Bayan shi sai ɗaurin da ya haɗa kowane mazauni da fata, sai ɗinkin salkar kanta. Ɗigon ruwan sabulu a kan wurin da ake zargi zai tona asiri da kumfa. Salkar fata tana buƙatar abin da ake zuba mata a ciki lokaci-lokaci domin ya toshe ƙofofin fatar, kuma wanda ya ƙera ta shi ya fi dacewa ya faɗi irin wanda za a zuba. Salkar yadin zamani ba a zuba mata komai.

Gaɓoɓi da zarensu

A raba gaɓoɓin uku, a ɗaga kowace a leƙa raminta wajen haske, domin ɗan tsinke ko gutsuren zare ko yanar gizo-gizo ya isa ya sa muryar ta yi ta rawa. Daga nan a toshe baki ɗaya da yatsa a tsotsi ɗayan. Gaɓa mai lafiya za ta kama leɓe ta riƙe, wadda ta tsage kuwa za ta saki nan take, ko da ido bai ga tsagar ba. Tsaga aikin maƙeri ce, ba a cika ta da gam a gida.

Kowace mahaɗa an naɗe ta da zare, wasu maƙeran kuma ɓawon toshiyar kwalba suke sawa. Akwai bambanci tsakanin mahaɗar da ke shiga mazaunin salka da kuma mahaɗu biyu masu zamewa da ake saita murya da su. Ta farko so ake ta kama gam, don kada bututun ya zame daga kafaɗa ya faɗi da ɗan karan a bakinsa. Masu zamewa kuwa so ake yatsa biyu su iya murɗa su ba tare da kokawa ba, amma kada su motsa da kansu idan an girgiza bututun. Idan za a sake naɗi, a goga wa zaren farko kakin zuma sosai domin ya kama itacen kada naɗin duka ya riƙa juyawa, a jera zaren gefe da gefe ba tare da wani ya hau wani ba, a riƙa gwadawa bayan kowane layi, sannan layin sama a sa masa kaki kaɗan kawai. Zare yana kumbura da danshi yana kuma motsewa da bushewa. Wanda ya naɗa shi da tsauri a busasshiyar rana zai iya tarar da gaɓar ta cije bayan awa guda ana busa, kuma gaɓar da ta cije ba a murɗa ta da ƙarfi, ajiye ta ake yi ta bushe ta saki da kanta, in ba haka ba itacen waje ne zai tsage.

Ɗan kara

Sai salka da gaɓoɓi sun tsira daga zargi ake zuwa nan. A zaro gaɓar gindi daga mazauninta a miƙe, a hankali, domin ɗan karan yana tsaye a bakinta kuma gogar gefe kaɗan ta isa ta karya harshen. Na gargajiya ana yin sa da wani kara mai tauri da rami a ciki, ɗan'uwan gora, wanda ke fitowa da yawa a yankin Var na kudancin Faransa, kuma daga jikin karan ake tsaga harshen. Na zamani jikinsa roba ne ko ƙarfe, an ɗaura masa harshe dabam. Na kara ya fi taushin murya a kunnen mutane da yawa, na roba kuma ya fi haƙuri da sauyin yanayi, shi ya sa ba laifi ba ne mai koyo ya fara da shi.

A mafi yawansu, kan da ke kallon cikin salka a toshe yake, bakin harshen mai motsi yana kusa da wannan toshiya, tushensa kuma yana wajen bututu. A kusa da tushen akwai ɗamara ta zare ko zoben roba, kuma ita ce linzamin ɗan karan. Idan aka tura ta wajen bakin harshe, ɓangaren da ke girgiza ya gajarta, murya ta hau, ƙara ta ragu, shan iska ya ragu, amma ɗan karan zai fi saurin ɗaukewa idan aka matsa salka. Idan aka ja ta baya wajen tushe, harshen ya yi tsawo, murya ta sauka ta yi kauri, shan iska ya ƙaru. Motsin da ake nufi ƙanƙane ne ƙwarai, kamar kaurin zare ɗaya ko biyu a kowane gwaji. Ana gwada ɗan kara ba tare da an jiƙa shi da yawu ba ta hanyar tsotsar iska daga buɗaɗɗen bakinsa, amma hukuncin gaskiya sai an mayar da shi cikin bututu.

Alamomin rashin lafiyarsa sanannu ne. Idan burdon ya fara magana sannan ya yi shiru da zarar an ƙara matsi, harshen ya kwanta da yawa a kan jikinsa. Sai a ja ɗamara baya kaɗan, ko a sa farce a ɗaga bakin harshen a hankali a sake shi, sau biyu ko uku. Tsohuwar dabara ga na kara ita ce a zura silin gashi guda a ƙarƙashin harshen, a tura shi can wajen tushe, domin ya hana shi rufewa ruf. Idan kuwa burdon yana kwasar iska har hannu ya gaji, muryarsa tana gurnani mara daɗi, to harshen ya buɗe da yawa, sai a tura ɗamara gaba. Idan muryar tana hawa da sauka da ɗan motsin hannu kaɗan, harshen ya yi laushi fiye da kima ko ya yi tsawo, kuma gajarta shi da ɗamara yakan zaunar da shi. Idan ana son a saukar da murya ba tare da an ƙara shan iska ba, a manna ɗigon kakin zuma a bakin harshen, domin nauyi a baki yana rage saurin girgiza kuma yakan ƙara wa murya natsuwa. Kankara da reza ita ce dabara ta ƙarshe, saboda abin da aka kankare ba ya dawowa. Kankara a wajen tushe tana tausasa harshe ta saukar da murya, kankara a baki tana rage nauyi ta hawar da ita.

Akwai ma'auni ɗaya da zai nuna ko ɗan karan ya dace da bututunsa, wato inda mahaɗu masu zamewa suka tsaya idan murya ta daidaita. So ake su tsaya wajen tsakiya, da sauran fili na ja da na turawa. Idan sai an ja gaɓa har ta kusa faɗuwa kafin a sami Sol, ɗan karan ya cika hawa, a saukar da shi da ɗamara ko kaki. Idan an tura gaɓoɓin har ƙurya amma murya tana ƙasa, a hawar da shi, ko a rage zaren gindinsa ya ƙara nutsewa cikin bututu. Wanda ya sami ɗan karan da ya cika waɗannan sharuɗɗa, ya bar kaza cikin gashinta, kada sha'awar gyara ta sa ya ɓata abin da ke aiki.

Idan ana son yanka sabo

A zaɓi busasshen kara miƙaƙƙe wanda kaurinsa ya yi daidai da na tsohon, a yanke shi da tsawon tsohon ta yadda gaɓar karan za ta zama toshiyar kai. A share cikinsa tas, a ɗiga kaki a kan gaɓar don kada iska ta bi ta nan. Kimanin santimita ɗaya ƙasa da toshiyar, a yi yanka a gicciye da wuƙa mai kaifi, zurfinsa kada ya wuce sulusin kaurin karan. A sa bakin wuƙar cikin yankan a ɗaga a hankali, karan zai tsage da kansa yana bin jijiyarsa zuwa wajen buɗaɗɗen baki. Tun kafin a fara tsagawa a ɗaura zare a inda ake son tsagar ta tsaya, in ba haka ba za ta zarce har ƙarshe. A kankare ɓawon saman harshen kaɗan, a ɗaura ɗamara, a fiƙe buɗaɗɗen bakin a naɗa masa zare mai kaki har ya zauna daram a gindin bututu. Sabon ɗan kara yakan ɗauki kwanaki ana busa shi kafin ya zauna, kuma ba duk wanda aka yanka ne ke yin magana ba, don haka a yanka da yawa a lokaci guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ke da wasa gobe ba yau zai sa sabon kara ba.

Saitawa da kunne

A mayar da komai wurinsa, a busa na minti biyar zuwa goma kafin a ɗauki saiti da muhimmanci, domin ɗumin numfashi da danshinsa suna sauya muryar obuwa fiye da yadda suke sauya ta burdon. Obuwa ita ce shugaba, burdon ne ke bin ta. Idan za a yi kiɗa da wasu, musamman mai garayar nan ta Faransa da ake murza wa hannu tana gogar tsirkiya da faifan itace, to a fara daidaita obuwa da su, sannan a juyo kan burdon.

A tsayar da babban burdon tukuna ta hanyar ɗora yatsa a bakinsa na ɗan lokaci, ko a toshe shi, a saita ƙaramin shi kaɗai da Sol ta obuwa. Da yake Sol tana buƙatar hannu biyu, abin da ake yi shi ne a riƙe Re da hannun sama kaɗai, a murɗa gaɓa da ɗaya hannun, sannan a mayar da hannu a koma Sol a saurara. Ɗauke hannun ƙasa yakan ɗan karkatar da muryar obuwa, saboda haka hukunci yana ga Sol da hannu biyu. Bayan ƙaramin ya zauna sai a tayar da babban.

Abin da kunne zai nema shi ne kaɗawa. Idan muryoyi biyu sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, ana jin sautin yana kumbura yana motsewa, wau-wau-wau, kuma yawan kaɗawar a daƙiƙa shi ne gwargwadon saɓaninsu. Babban burdon, ban da muryarsa ta 98, yana ɗauke da wata siririya a samanta mai ninkin wannan adadi, kuma ita ce ke karo da ƙaramin burdon. A ce babban ya sauka zuwa 97, ninkinsa 194 ke nan, ƙaramin yana kan 196, sai a ji kaɗawa biyu a kowace daƙiƙa. A murɗa gaɓar ana turawa ko ana ja kaɗan-kaɗan. Idan kaɗawar ta ƙara sauri, an bi hanyar da ba ita ba, a juya. Idan tana raguwa, a ci gaba har ta yi jinkiri ƙwarai, ta miƙe, ta ɓace, muryoyin biyu su zama kamar ɗaya. Wanda ya rasa gane ko sama yake ko ƙasa, ya ja gaɓar da gangan har murya ta sauka a fili, sannan ya riƙa turawa yana hawa, domin kunne ya fi gane haɗuwa idan an taho mata daga ƙasa. Ya fi sauƙi a ajiye mahaɗa ɗaya a inda maƙeri ya nuna, a riƙa saiti da ɗayar, wadda hannu ya fi kai wa.

Daga nan a bi muryoyin obuwa ɗaya bayan ɗaya a kan burdon. Re da Do su ne shaidu na gaskiya, domin idan komai ya daidaita suna kwanciya a kan burdon lumui. Si tana da wani sirri da ya kamata mai amfani da manhajar saiti ta waya ya sani. Si da ta yi daɗi a kan burdon na Sol tana ƙasa da wadda manhajar ke nema da kimanin kashi 14 cikin 100 na rabin mataki, wato tazarar da ke tsakanin muryoyi biyu mafi kusa a piyano, saboda manhajar ta raba oktaf gida 12 daidai wa daida irin na piyano, burdon kuwa lissafin ninki yake bi. Idan allura ta nuna Si ta ɗan sauka alhali kunne na jin ta zauna, kunne ne mai gaskiya. Manhajar tana da amfani wajen kama Sol ta farko, daga nan a kife wayar.

Masu busa na tsakiyar Faransa suna yin waƙoƙi a gida biyu da obuwa ɗaya. Wasu waƙoƙin suna sauka a kan Sol, wasu kuma a kan Do, wadda ke tsakanin hannu biyu. Burdon na Sol yana ɗaukar duka biyun, sai dai launin da yake ba su ya bambanta, kuma saɓanin da ya ɓuya a gida ɗaya yakan fito a ɗayan, don haka a gwada waƙa ɗaya daga kowane gida kafin a ce an gama.

Gwiwar hannu

Duk wannan saiti a kan matsin iska ɗaya aka yi shi, kuma da matsin ya sauya ya rushe. Lokacin da baki ke hurawa hannu yana sassautawa, lokacin da ake shaƙar numfashi hannu yana matsawa, kuma gwaninta ita ce kada a ji wurin da ɗaya ya karɓi ɗaya. Hanyar koyon wannan ita ce a toshe obuwa da ƙaramin burdon, a busa babban shi kaɗai na minti biyar kowace rana, ana sauraron ko muryar tana tashi da faɗuwa tare da numfashi. Aiki ne mai gundura, amma babu abin da ya kai shi gyara busa. Idan ta miƙe sai a ƙara ƙaramin, daga baya a ƙara obuwa. Masu irin ta Béchonnet, wadda ake hura wa iska da ɗan zuga-zugi a ɗaya hammatar, su ma wannan horo suke yi, sai dai 'yan karansu sun huta da danshin baki.

Obuwar zamani ta mai inci 16 tana iya haurawa sama da oktaf ɗinta na farko har zuwa Do ta sama, kuma hawan yana buƙatar ɗan ƙarin matsi. Wannan shi ne gwajin ƙarshe ga babban burdon. A hau zuwa murya mafi tsayi a tsaya a kanta, a saurara. Idan burdon ya ɗauke, a buɗe harshensa kaɗan. Idan bai ɗauke ba amma ya bi obuwa ya hau a fili, harshen ya yi laushi, a koma kan ɗamara da kaki. Ana son ya kasance yana jure matsin da ya ɗan wuce wanda waƙa ke buƙata, ba tare da an buɗe shi har ya zama mai kwasar iska ba.

Wajen farawa, a cika salka ba tare da an matsa ba, sannan a danna ta da gwiwar hannu sau ɗaya da niyya, domin burdon da aka tayar da sanyin jiki yakan kama wata murya ta sama mai kaushi ya maƙale a can. Wajen tsayawa, a daina hurawa tun ana saura 'yan muryoyi a gama waƙa, hannu ya ci gaba da matsawa har salka ta yi laushi, sannan a ɗage hannu gaba ɗaya a kan muryar ƙarshe. Idan salka na cike aka tsaya, burdon zai yi ta nishi yana sauka bayan kowa ya yi shiru.

Bayan an gama busa

A zare gaɓoɓin a zazzage ruwan da ya taru, a zura tsumma mai laushi a kan siririn sanda a share ramin, a bar akwatin a buɗe na ɗan lokaci kafin a rufe don kada fumfuna ta kama fata da zare. Sau biyu ko uku a shekara a shafa wa ramin man almon kaɗan bayan an cire ɗan kara, a bar shi ya kwana, a goge ragowar, kuma kada man ya taɓa harshe ko zare. Itatuwan da ake ƙera waɗannan bututai da su, na 'ya'yan itace ne ko wasu masu tauri, an busar da su ne daidai da laimar Turai, kuma zoben ƙaho ko na kuza da ke bakin kowace gaɓa ba ya motsewa tare da itacen. Wanda ya kawo irin wannan algaita ƙasa mai hunturu zai ga zare ya saki, zobba suna girgiɗi cikin 'yan kwanaki. Ya ajiye ta a akwati tare da ɗan soso mai danshi a cikin buɗaɗɗen gwangwani, nesa da rana da bayan mota, ya ƙara zare kaɗan a mahaɗu, sannan ya tuna ya warware wannan ƙarin da zarar damina ta faɗi.